Kalmar "carve" ta Turanci: me ya haɗa masassaƙi, mai balangu da jihar Jigawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Haɗeja. A littafinmu na tarihi na ga an rubuta "Jigawa State was carved out of Kano State in 1991". Da na duba ƙamus sai na ga wai carve sassaƙa ce. To jiha itace ce da za a sassaƙe ta? Sannan a wani fim na ji an ce wa maigida "carve the turkey", kuma wuƙa aka miƙa masa ba gizago ba. Don Allah Malam a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi, Allah ya ƙara basira. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, rabin zancen ya ba ka. Kada kuma ka ji kunya, don ramin da ka tsaya a bakinsa ni tsundum na faɗa ciki. Ina sabon shiga aikin fassarar labarai a wani gidan rediyo, aka miƙo mini takarda mai irin wannan jimla, na rubuta "an sassaƙo sabuwar jihar daga tsohuwar". Editanmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya karanta, ya sauke tabarau, ya ce, "Yaro, da gatari aka yi aikin ko da gizago?" Har na bar wurin abokan aiki ba su daina kirana Sarkin Sassaƙa ba.

Duk da haka wurin masassaƙin za mu fara zuwa, don can gindin maganar yake.

Ka taɓa zama ka kalli ana sassaƙa turmi? Masassaƙi zai mirgino gungumen ƙirya, ya zagaya shi sau biyu sau uku yana ƙwanƙwasawa, yana neman inda tsaga ko ruɓa ta ɓuya. Sai ya sa gatari ya rage masa kauri, ya koma ga gizago, sara kaɗan-kaɗan, yana juya icen da ƙafa, har ƙugun turmin ya fito, gindi ya zauna daram. Sannan ya hau rarake cikin, aikin da ya fi cin rai ke nan, domin sara ɗaya in ta zarce sai turmi ya huje, wahalar kwanaki ta tashi a banza. In ya miƙe da yamma za ka ga tarin ɓarɓashin ice a inda ya zauna, yara na kwasa suna kai wa iyayensu mata su hura wuta. To ka lura da abu ɗaya. Tun safe har yamma mutumin nan bai ƙara wa icen komai ba, ragewa kawai yake yi. Turmin da ma yana cikin gungumen, shi dai ya cire duk abin da ba turmi ba.

Wannan ita ce carve. Dunƙulallen abu guda ake samu, a riƙa cire wani sashe nasa da abu mai kaifi, kuma mai aikin ya riga ya ƙudurta siffar da yake nema tun kafin ya ɗaga hannu. Mai faskare shi ma gatari yake sa wa ice, amma Bature ba zai ce yana carve ba, chop ko split zai ce, saboda mai faskare ba ruwansa da kamannin abin da ya fita, in dai zai shiga murhu shi ke nan. Maginiyar tukunya yumɓu take ɗorawa a kan yumɓu. Maƙeri dukan ƙarfe yake yi har ya bi shi. Mai zubi narkar da tagulla yake ya tsiyaya a mazubi. Dukansu siffa suke fitarwa, amma ba mai yin carve a cikinsu.

Shi ya sa in na ga ɗan jarida ya rubuta cewa carve aka yi wa kawunan tagullar nan na masarautar Benin, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, sai in san bai tambaya ba. Zubi aka yi musu, kalmarsu cast. Hauren giwar da aka kwasa tare da su, wanda aka bi jikinsa da siffofin sarakuna da mayaƙa, shi ne carved. Haka mutum-mutumin dutse kimanin 800 na garin Esie a jihar Kwara, inda aka buɗe gidan tarihi tun 1945.

Kai da ka yi makarantar allo ma ai ka san wannan ma'ana ta wata ƙofa. Inda Alƙur'ani ya ba da labarin Samudawa, mutanen Annabi Salihu alaihis salam, cewa suna yin gidaje a jikin duwatsu, kalmar Larabcin nahtu ce, malamanmu su ce sassaƙa, masu fassara zuwa Turanci kuwa carve ko hew suke sawa. Ita ce dai a tambayar da Annabi Ibrahim alaihis salam ya yi wa mutanensa a kan bautar abin da suka sassaƙa da hannunsu. Ita hew tsohuwar kalma ce mai nauyi, ta sara da ƙarfi. Da ita ake kwatanta majami'u 11 na Lalibela a Habasha, waɗanda aka fafe daga cikin dutse, a ce rock-hewn.

Kayan aikin bai dami kalmar ba sosai. Fuskokin shugabannin Amurka huɗu da ke jikin Dutsen Rushmore, waɗanda aka yi daga 1927 zuwa 1941, kowace tsawonta kusan mita 18, yawancin dutsen da nakiya aka fasa shi, amma carved ake cewa. Har ruwa ma ana ba shi wannan aiki. Za ka karanta cewa kogin Kolorado ne ya yi carve ɗin Grand Canyon, kwazazzabon nan mai tsawon kilomita 446, wanda zurfinsa a wasu wurare ya haura kilomita ɗaya da rabi. An ɗauki kogin ke nan kamar masassaƙi mai dogon haƙuri. In za ka mayar da ita Hausa kada ka ce ruwa ya sassaƙa. Mu a wurinmu ruwa cin ƙasa yake yi, ko ya zaizaye ta, ko ya haƙa kwazazzabo.

Tana da maƙwabta da ɗalibai kan rikita ta da su. Almajiri in ya zauna da 'yar wuƙa ko reza yana feƙe alƙalami, whittle yake yi, wato fere ɗan ƙaramin ice kaɗan-kaɗan. Mai rubuta suna a jikin zobe ko hatimi ko kofin gasa engrave yake yi, zane ne a fuskar abu mai tauri, ba a taɓa siffar abin kansa. Sculpt ta fi faɗi, ta haɗa mai sassaƙa dutse da mai mulmula yumɓu, muddin aikin fasaha ne. Sai dai iyakar ba katanga ba ce. Abin da muke kira zanen ƙwarya, Turawa calabash carving suke ce masa, kuma yaron da ya karce sunansa da ƙusa a jikin bencin aji, "he carved his name on the bench" za a ce. In dai kaifi ya shiga jiki ya fitar da wani abu, carve tana iya shiga.

Yanzu ga abin da ƙamus ɗin aljihu ba zai gaya maka ba. A Turancin da, na sama da shekara dubu da suka wuce, siffar kalmar ceorfan ce, kuma ita ce kalmar yanka ta yau da kullum, ko me za a yanka, har kan mutum. Wajen shekarar 1300 cut ta bayyana a rubuce, ta yi ta cin ƙasa har ta ƙwace gidan, aka bar wa carve ɗakuna biyu kacal: yankan gwaninta a kan ice da dutse, da yankan nama a kan teburi. Irin wannan ƙuntata ta sami starve, wadda da can mutuwa take nufi ko ta wace hanya, yau kuwa sai ta yunwa. A Jamusanci har gobe sterben mutuwa ce kawai, kerben kuma yi wa abu tsaga. Masana asalin kalmomi suna danganta carve da graphein ta Girkanci, wadda ke nufin rubutu, uwar su graph da photograph. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Mu ma kalma ɗaya muke da ita, zane, ga na wanzami a kumatu, ga na ƙwarya, ga na alƙalami a takarda.

Ɗaki na biyun shi ne na fim ɗinka. A Ingila akwai al'adar gasa babban tsokan nama ranar Lahadi, a kawo shi teburi ɗungurungum, maigida ya miƙe tsaye da doguwar wuƙa da cokali mai yatsu biyu, ya riƙa fitar da yanka fale-fale yana sa wa kowa a faranti. A Amurka talo-talo ne ake yi wa haka ranar bikin godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Miƙa wa mutum wuƙar nan girmamawa ce. A gidajen sarautar Turai na da, yankan nama a gaban sarki muƙami ne da 'ya'yan manya ke koyo, har a 1508 aka buga wani ɗan littafi a Landan a kan wannan fanni kaɗai, wanda ya ba kowace dabba kalmarta: barewa "karya" ta ake yi, zomo kuwa "kwance" shi ake yi. Har yanzu akwai gidajen abinci a Ingila da ake kira carvery, inda za ka tsaya a yanko maka a gabanka.

Sharaɗin a nan shi ne naman ya dahu ko ya gasu, kuma rabawa za a yi a ci. Mahauci da ke feɗe sa a mayanka skin yake yi, in yana daddatsa ƙashi chop yake yi, mai kilishi da ke shimfiɗa ɗanyen nama fale-fale slice yake yi. Wanda ya fi kusa da carve a wurinmu shi ne mai balangu. Dubi yadda yake jawo cinyar rago daga kan waya, ya kwantar da ita a katako, ya dafe da yatsu, ya bi gefen ƙashi da wuƙa yana zaro tsoka, ya haɗa maka da ɗan kitse don kada ya bushe maka a baki. Fassarar "carve the turkey" ke nan: yanyanka talo-talon ka raba wa mutane. Sassaƙa ba ta da wurin zama a nan ko kaɗan.

To mu zo Jigawa. Da zarar ka ga out ta biyo bayan carve, hankali ya koma kan abin da aka fitar. Ƙasar tsohuwar jihar Kano ita ce gungumen, aka shata wani yanki nata aka cire, ya tsaya da ƙafarsa da sunansa da babban birninsa Dutse, ranar 27 ga Agusta 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Da wannan kalma za ka ga an ba da labarin Katsina da aka cire daga Kaduna a 1987, da Zamfara da aka cire daga Sakkwato a 1996. Hausar da editan nan ya gyara mini ita ce "an cire jihar daga cikin", ko "an ƙirƙiro ta daga". In kana son hoton wuƙar ya ɗan fito, "an yanko ta daga Kano" ma Hausa ce lafiyayya.

Daga nan ne ma'anonin aro suka yaɗu, kuma duk suna ɗauke da ƙamshin wahala, don wanda ya yi carve out bai tsinci abin a ƙasa ba. In an ce mace "carved out a career" a aikin jarida, ana nufin da guminta ta kafa kanta a inda ba a tanadar mata wuri ba. "Carve out a niche" kuwa, asalin niche ɗan gurbin nan ne da ake rarakewa a jikin bango, irin alkukin da kakanninmu ke ɗora fitila, don haka ma'anar ita ce mutum ya sama wa kansa gurbin da ba mai ja da shi a ciki, kamar telan da duk gari aka san shi da ɗinkin kayan amare kaɗai. "Carve out time" ware lokaci ne daga cikin hidima mai yawa. Lauyoyi kuma suna da carve-out, wato togaciya, abin da aka keɓe aka ce sharaɗin yarjejeniya bai hau kansa ba.

In kuwa up ce ta biyo baya, to labari ya sha bamban, kuma a nan nake so ka buɗe kunne, don nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Carve up daga teburin cin nama ta fito, ba daga rumfar masassaƙi ba. Ba sauran maganar fitar da kyakkyawar siffa. Abu ne guda aka kwantar, masu wuƙaƙe suka kewaye shi, kowa ya ja rabonsa. Kusan kullum akwai zargi a cikinta. Misalin da za ka fi cin karo da shi shi ne "the European powers carved up Africa", ana nufin abin da ya biyo bayan taron Balin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya kira daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, wanda ba ɗan Afirka ko ɗaya da ya zauna a teburinsa. Ba a wurin taron aka ja dukan iyakoki ba, ƙa'idar rabon aka shimfiɗa. Tamu iyakar ta tsakanin Najeriya da Nijar, Ingila da Faransa ne suka fara shata ta a 1890 da layi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, suka yi ta gyara ta a 1898 da 1904 da 1906, har aka wayi gari Katsina na hannun wannan, Maraɗi na hannun wancan.

Na daɗe ina neman Hausar da ta dace da carve up. "Rarraba" ta yi sanyi, ba ta da haƙori. "Kasafta" ta fi, amma tana da ƙamshin adalci, kamar rabon gado a gaban alƙali. Wadda ta zauna mini ita ce watanda. Ka san yadda ake yi gab da salla: mutane su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa nama tsibi-tsibi a kan buhu, kowa ya ɗauki kasonsa. A kan sa halal ne, ba mai cewa komai. Amma ka ce "Turawa sun yi watanda da Afirka", ko "'yan siyasa sun yi watanda da kuɗin jama'a", duk Bahaushe ya ji zafin da Bature ke ji a cikin carve up, don ya san an mai da abin da ba nama ba ya zama nama. Kalmomin biyu daga mahauta ɗaya suka fito, shi ya sa suka dace haka.

A bakin mutanen Ingila tana da wasu ma'anoni na titi. Direban da ya wuce ka ya yanko gabanka ba sigina, kamar yadda 'yan adaidaita sahu suka saba, "he carved me up" za su ce. In kuma an ce 'yan daba sun yi carve up ɗin wani, sun sassare shi da wuƙa ke nan. Mai sharhin ƙwallo kuma in ya ce "they carved the defence open", yana nufin sun keta 'yan baya da fasin da ya tsaga su biyu.

Akwai wuri ɗaya da Turanci da Hausa suka yi karo da juna ba tare da sun yi shawara ba. Bature yana cewa abu "carved in stone", mu muna cewa zanen dutse, ma'ana ɗaya, abin da ba ya goguwa. Bambancin kawai, mu mun fi yabon mutum da ita, a ce maganarsa zanen dutse ce, su kuwa sun fi kawo ta a kore, "it is not carved in stone", wato ba dole ba ne, ana iya sauyawa.

Ta fuskar nahawu ba ta da rikici: carve, carved, carved, sai carving da ake jefar da e. In ka ga carven a tsohuwar waƙa, ragowar tsohon tsari ce, kada ka sa ta a jarrabawa. Abin da za ka kiyaye shi ne 'yan ƙananan kalmomin da ke bin ta. "He carved a mortar out of the log", abin da aka samu ya fara zuwa, icen ya biyo bayan out of ko from. "He carved the log into a mortar", icen ya fara zuwa, abin da ya zama ya biyo bayan into. Aiki ɗaya ne, wurin tsayuwar mai magana ne ya bambanta. Carving kuma tana zama sunan sana'ar da sunan abin da aka sassaƙa, carver shi ne mai yin.

Sai lafazi, inda harshenmu ke ba mu wahala. Hausa ba ta da v, don haka mukan mai da ita b ko f, sai carve ta koma kamar cab ko calf. Ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ka bar maƙogwaro ya yi rawa, ka ja wasalin a ya yi tsawo. Mutumin Landan ba ya furta r ɗin, har ta zama sauti ɗaya da calve, wato saniya ta haihu, Ba'amurke kuwa yana furta ta. Wadda na fi gani a takardun ɗalibai ita ce rikita ta da curve, lanƙwasa. Sau da yawa ina cin karo da "the road carves to the left", alhali kwana hanyar ta yi, ba wuƙa ta ɗauka ba. Ka kuma raba ta da crave, tsananin kwaɗayin abu, harafi ɗaya ne ya sauya wuri.

Akwai kuma wata carve ɗin da ba za ka samu a yawancin ƙamus ba, amma na tabbata ka sha jin ta. A shagon aski a Najeriya, bayan an gama rage suma, mai aski yakan tambaya ko a yi carving, da lafazinmu sai ka ji kamar "kabin", wato ya bi goshi da gefen kunne da saje da reza ya fitar da layi tsaf, abin da muke kira gyaran fuska. Turancinmu ne na gida, kuma ni ban ga laifinsa ba, don ya cika sharaɗin masassaƙi: ragewa ake yi har siffa ta fito. Sai dai in Allah ya kai ka Amurka ka zauna a kujerar mai aski, line-up ko shape-up za ka nema. Kada ka ce wa mutum yana riƙe da reza a kan wuyanka "carve me".